Ƙafar Dama a Tsakiyar Basai

Ni tela ne, kuma duk wanda ya zauna da ni a unguwar Bukoki ta Yamai ya san zuciyata a kusa take. Ita ce ma ta kai ni karate. Wata rana na ɗaga hannu zan mari wani mutum a bakin shagona saboda ya ce hannun rigarsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai na ji an riƙe ni ta baya, riƙon da ko motsi na kasa yi. Maƙwabcina ne, wani direban taksi mutumin Tawa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in dai dukan mutane nake so, in shirya bayan la'asar ya kai ni inda za a koya mini in daina. Tun daga ranar nake kiransa Yaya, kamar yadda kowa ke kiransa a wurin horo.

Wurin wani tsohon magaza ne, wato ɗakin ajiyar kaya, a cikin gidan matasan unguwa, rufin kwano, daɓen siminti, ba tabarma ba fanka. Sal muke ce masa. Mai koyarwa kuma Metir muke ce masa, wato malam, wani dogon Bazabarme haifaffen Yamai, wanda Hausarsa ta kasuwa ce. In ransa ya ɓaci sai ya ce wa ƙaton namiji "ke", kuma babu mai ƙarfin halin yin dariya. Kullum muka zo sai mu tarar da shi tsaye a gaba, ya riga ya sa kimono, kayan horon karate, hannuwa a baya. Ba ya zagaya layi. Daga inda yake tsaye yake hango kuskurenka, ya kira ka ka zo gabansa ya gyara. Mu a ganinmu girma ne ya sa haka.

Abin da ya fi so a duniya shi ne kata. Ga wanda bai sani ba, kata jerin motsi ne da mutum ke yi shi kaɗai, yana karewa yana kai duka ga abokan gaba da ba a gani, kuma tsofaffin da suka tsara shi ba su bar wa kowa damar ƙara ko rage taku ba. Kowane motsi da ma'anarsa. Metir yakan ce wanda ke yin kata bai san ma'anarsa ba rawa yake yi, gara ya tafi gidan biki. Saboda haka bayan kowane kata sai a raba mu biyu-biyu, ɗaya ya kai hari, ɗaya ya nuna abin da motsin ke nufi a jikin mutum. Wannan shi muke kira fassara.

Akwai wani babban kata da ake kira Basai. A tsakiyarsa akwai inda mutum ke juyawa a kan ƙafar hagu ya fuskanci bayansa. Mu yadda aka koya mana, sai ka ɗan kwantar da kafaɗa hagu, ka ja ƙafar dama a ƙasa ta zagayo, gefen tafin yana gogar siminti, sannan ka zauna a kan gwiwoyi ka kare ƙasa. In muna yi gaba ɗaya, ƙarar takan cika sal ɗin, shuuu, kamar mata na shara da safe. Sunan da muka ba motsin ke nan, shara. Fassararsa kuwa, in ji Metir, ka share ƙafar wanda ya zo maka ta baya, ya faɗi kafin ya san me ake ciki. Ni ne abokin fassarar Yaya shekara da shekaru. Ya share ni, in faɗi, in tashi, ya sake. Har yau akwai kanta a gefen ƙafata ta dama, taurinta ya kai na fatar takalmi.

Kada wani ya ce ba mu da waya ne. Muna da ita, kuma mun ga yadda sauran duniya ke yin Basai. Su a wurin nan ɗaga gwiwar dama suke yi sama har ƙirji, su juyo, su buga ƙafa a ƙasa, dim. Mun kai wa Metir ya gani. Ya ɗan dubi wayar ya mayar, ya ce waɗannan ƴan gasa ne, sun gyara abin don ya yi wa ƴan kallo kyau, namu shi ne na asali. Shi ke nan sai muka samu abin alfahari. Ni da bakina na sha tayar da jijiyar wuya a fada, dandalin hirarmu ta unguwa, shayi na hucewa a hannuna, ina gaya wa yaran wasu kulob cewa su dawakai ne masu harbin iska, mu ne muka gaji tushen abin. Yaya yana zaune a wurin, bai taɓa sa mini baki ba, ni kuma na ɗauka halinsa ne na rashin son magana.

Ni nake ɗinka kimonon sal ɗin duka, ni nake gyara su. Kowane wando aka kawo mini, bakin ƙafar dama ne ya cinye, na hagu lafiya lau. Na Metir ya fi na kowa lalacewa. Da shekaru suka tura, muka fara ganin ko a tsakar gida yana jan ƙafar dama in zai je wurin babur ɗinsa. Kun san abin da muka ce? Muka ce kata ya shiga jikinsa har ya zama tafiyarsa. Wallahi haka muka ce, muna jinjina kai. Akwai ma waɗanda suka fara kwaikwayon tafiyar a titi.

Abu ɗaya ne ke ci mana rai. Metir shi ke ba da santir, wato ɗamarar da ke nuna matsayin mutum, tun daga fari har ruwan ƙasa. Amma baƙin santir ba a sal ake ba da shi ba, sai an je gaban alƙalai a babban gwaji, kuma bai taɓa tura kowa ba. Kullum amsarsa, ba ku kai ba tukuna, kala suru, ku yi haƙuri. Waɗanda suka gaji suka koma wasu wurare, mu kuma muka sa musu suna maciya amana. Yaya ya fi shekara ashirin a wurin, santir ɗinsa ruwan ƙasa ya koɗe har ya kusa komawa fari, bai taɓa cewa uffan ba.

Sai ciwon suga ya kama Metir, ya sauka a idanunsa. Ya daina hawa babur, Yaya ke ɗauko shi a taksi. Ya daina tsayuwa, aka sa masa benci. Daga baya ma fuskokinmu ba ya rabewa, da kunne yake bin horo, kuma abin mamaki ba ya kuskure. Zai ce, na ukun daga hagu, shararki ta yi gajarta. Masu kula da gidan matasa suka kira mu suka yi mana magana ta mutunci. Suka ce tsoho ya gaji, kuma ba za su bar ɗakin a hannun wanda ba shi da baƙin santir ba, don in yaro ya karye su za a tambaya. In akwai mai shi a cikinmu kafin damina, sal namu ne. In babu, akwai masu jiran ɗakin. Duk muka juya muka dubi Yaya. Metir daga kan bencinsa ya ce to, Yaya ya je gwajin.

A watannin nan Yaya ya canza. Da sassafe taksinsa ba ta ƙofar gida, kuma ba fasinja yake nema ba. Wata rana ya kawo mini wandon kimononsa ya yage, ba a bakin ƙafa ba, a can sama wurin mahaɗin cinya, inda namu ba ya taɓa yagewa. Da na kakkaɓe shi sai ga yashin gulbi yana zuba a kan kekena. Na ce, Yaya, kokawa kake zuwa yi da dorina? Ya ce yakan je bakin ruwa ta wajen Tondibiya ne ya motsa jiki inda ba mutane. Na ɗinke na ba shi, ban sake tunani a kai ba.

Ranar gwaji ta faɗo cikin tsakiyar zafi. A Lamorde za a yi, hayin gada, kuma ni zan raka shi don a yi fassara da ni. An riga an shirya Metir zai zauna a gida, mu biya ya sa mana albarka kawai. Muka iso muka tarar da shi zaune a ƙofar gida, babbar riga a sama, kimono a ciki, sanda a hannu. Na ga fuskar Yaya ta sauya. Ya durƙusa ya ce, Metir, rana za ta yi zafi, ga zama mai tsawo, ka huta mu kawo maka labari. Metir ya ce idonsa ne ya mutu, kunnensa na nan, kuma ba wanda zai hana shi jin Basai ɗin yaronsa. Ya miƙa hannu a ɗaga shi. Har muka haye gada Yaya na ta share zufa da gefen hannu.

Ɗakin gwajin babba ne, an shimfiɗa tabarmar roba, alƙalai na zaune bayan tebur. Shugabansu wani ɗan ƙaramin dattijo ne mai farin gemu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Muka zaunar da Metir a benci jikin bango, cikin ƴan rakiya. Masu gwaji suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu Yaya ya isa ya haife su. Kowa ya zo tsakiyar Basai sai ya ɗaga gwiwa ya buga, dim. Ni kuma ina taɓe baki ina cewa a raina, ku jira ku ga na asali.

Aka kira Yaya. Ban taɓa ganin ya yi kata kamar na ranar ba. Kimono na ƙara a duk dukan da ya kai, numfashinsa daidai, idonsa kamar da gaske akwai mutum a gabansa. Alƙalan da ke hira suka yi shiru. Ya zo wurin juyawa, na ga ya ɗan tsaya, tsayawar da ba ta cikin kata, sannan ya kwantar da kafaɗa ya ja ƙafa, shuuu. Na dubi Metir, na ga yana gyaɗa kai. Yaya ya ƙarasa, ya sunkuyar da kai, ya tsaya.

Dattijon ya ce, malam, ƙafarka na ciwo ne? Yaya ya ce a'a. Ya ce to me ya hana ka ɗaga gwiwa? Yaya ya ce haka aka koya masa. Dattijon ya ce ya nuna fassarar. Na fito da ƙarfina, na kai masa hari ta baya, ya share ni, na faɗi yadda na saba faɗi. Dattijon ya taso daga bayan tebur, ya ce in koma gefe, ya tsaya inda na tsaya, ya ce wa Yaya, share ni. Yaya ya ja ƙafa ta zo ta bugi idon sawun tsohon. Ko gezau bai yi ba, yana tsaye kamar turmi. Ya ce sake. Aka sake, haka. A lokacin na gane shara ba ta taɓa kayar da ni ba, jikina ne ya koyi faɗuwa in ya ji ƙarar.

Ba da wulaƙanci dattijon ya yi tambayar ba, ina shaida. Ya ce, wane ne malaminka? Sai muka ji sanda ta taɓa ƙasa. Metir ya miƙe, ya nufo inda yake jin muryoyi, ba mai riƙe da shi. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai tafiyarsa a kan tabarma, taku ɗaya, sai shuuu, taku ɗaya, sai shuuu, kafaɗa a kwance hagu. Mutum ba ya bukatar a yi masa bayani. Kowa ya dubi ƙafar Metir, ya dubi ta Yaya, wasu suka dubi tawa. Wani yaro ya fara dariya aka zungure shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Dattijon ya ƙura wa Metir ido, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu ya gaishe shi da Zabarmanci. Ashe tare suka yi horo suna samari. Ya juya ga sauran alƙalan yana murna, ya ce wannan da kuke gani, a zamaninmu babu mai ɗaga gwiwa a Basai kamarsa, in ya buga ƙafa har a titi ake ji. Yana faɗa yana gane abin da ya faɗa, sai muryarsa ta mutu. Ya saki hannun a hankali. Ya ce wa Yaya, sauran katan naka babu abin cewa. Koma ka sake daga farko, ka ɗaga gwiwa ka buga, magana ta ƙare.

Yaya bai motsa ba, Metir yake kallo. Metir ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton Yaya na tsaye, bai ma daidaita ba, ya ce, ɗaga ta. Ya sake cewa, na ce ki ɗaga ta. Na kama shi na mayar da shi benci.

Yaya ya koma ya fara. Ni ina bin sa da ido, ina addu'a a ɓoye, abin da ban saba yi wa kata ba. Ya wuce kariyar farko, ya wuce naushin tsakiya, ya iso wurin. Ya juya a kan ƙafar hagu. Shuuu. Dattijon ya rufe ido. Metir ya sunkuyar da kai a kan sandarsa. Yaya ya ƙarasa katan har ƙarshe, bai rage komai ba, ya gaida alƙalai ya fita. Ba sai an karanta mana sakamako ba.

A kan gada, da muna komawa, Metir ya yi magana daga kujerar baya, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce tun da daɗewa kamiyo, babbar motar kaya, ya buge shi yana kan babur, aka sa masa ƙarfe a ƙugu. Ranar da ya koma sal ya yi Basai a gaban yara, ya zo wurin, ƙafa ta ƙi tashi, sai ya ja ta. Wani yaro ya ce, Metir, wannan fa? Ya ce shara ce. Ya ce a lokacin ya yi zaton wata biyu zai warke ya gyara musu, ƙafa ba ta warke ba, yara kuma sun riga sun iya. Ni ina gaba ina tafasa. Na so in juya in tambaye shi shekarunmu fa, ƙafafunmu fa, mutanen da na zaga a fada fa. Na juya ɗin, na ga tsoho makaho da kimono a ƙarƙashin riga yana laluben murfin mota, sai na kasa. Haushin ya koma kan Yaya. Na ce a raina shi aka ba dama sau biyu ya zubar, saboda taurin kai da son a ce shi mai biyayya ne.

Kafin damina aka karɓi sal. Buhunan siminti ake ajiyewa a ciki yanzu. Yaran suka watse, wasu suka shiga wasu kulob aka mayar da su baya don a cire musu shara, wasu suka bar abin gaba ɗaya. Na daina gaida Yaya in ban da sallama. Metir bai sake fita ƙofar gida ba, kuma bai ga wata daminar ba.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, Yaya ya ce in shiga ya mayar da ni. Muna isa bakin shagona na kasa riƙewa. Na ce, Yaya, ka kashe mana sal. Tsohon da kansa ya ce ka ɗaga, me ya rage kuma da kake karewa? Ya kashe mota. Ya ce shi ne yaron da ya yi tambayar. Ya san Basai na farko, ya ga gwiwar Metir tana tashi da idonsa, ya kuma san dalilin shara tun ranar da aka fara ta. Ya ce abin da yake zuwa yi a Tondibiya ke nan, yana ɗaga gwiwa yana bugawa a kan yashi inda ƙarar ba za ta kai kunnen kowa ba, kuma ya iya, da Metir ya zauna a gida da an gama.

Na ce to na ji, na farko ka ji nauyinsa. Na biyu fa?

Ya ce, na farko ni na ja ta, don ya ji abinsa. Na biyu, ƙanena, wallahi ɗagawa na yi niyya. Na ba ta umarni, ita ce ta ƙi.

Na fita na buɗe shago, shi kuma ya tayar da mota ya tafi neman fasinja. Wani lokaci in ba kowa nakan matsar da keke gefe in gwada Basai a tsakar shagon, in ce yau zan ɗaga. Har yanzu wandona bakin ƙafar dama yake fara cinyewa.